Ba bairos ba ne, a daina goge kwamfutocin ofis

Da zarar an shiga lokacin rajistar JAMB ko biyan kuɗin makaranta, kukan masu shagunan kwamfuta da ƙananan ofisoshin Tudun Wada ɗaya ne, daga Agoro har Kongo: kwamfuta ta ƙi hawa intanet, ga ta kusa da ita tana aiki lafiya lau. Kafin a ce kwabo wani ya yanke hukunci cewa bairos ne, sai an goge ta an sake zuba Windows. Wannan magana tana ci mini rai, domin takardun shekaru ake asara a kan matsalar da ba ta cikin kwamfutar.

Bairos na iya jawo nauyi ko satar bayanai, amma da wuya ƙwarai ya zama shi ya hana kwamfuta samun adireshin da take hawa intanet da shi. Ga shaida: ka buɗe cmd ka rubuta ipconfig. Idan lambar da ta fito ta fara da 169.254, to kwamfutarka ta nemi adireshi, ba wanda ya amsa mata, shi ne ta laƙa wa kanta wannan. Ka goge ta sau goma, gobe wannan lambar za ka sake gani. Rauta ce ke raba adireshi ta tsarin da ake kira DHCP, kuma aro take bayarwa na wani ɗan lokaci. Galibi laifin yana ga rautar, ko a hanyar da ke tsakani.

Ka leƙa bayan kwamfutar. In 'yar fitilar ramin kebul ba ta ƙiftawa, galibi kebul ne ko ramin da ya shiga: ɓera ya ci, ko kan ya saki, ko tsawar damina ta ƙone ramin suwic. In Nepa ce ta ɗauke aka tayar da janareta, kwamfuta kan riga rauta farkawa. Ka dakata rautar ta gama tashi, ka rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. Wani lokacin kuma adireshin ne ya ƙare, don rautoci da yawa ɗari kacal suke rabawa, alhali kowane baƙo an ba shi lambar sirrin waifai a wayarsa. A rage lokacin aron, a canza lambar sirrin.

Abin da na fi so a ji shi ne wannan: kada kowa ya kawo rauta daga gida ya soka a kebul ɗin ofis. Kada. Ma'aikaci zai ga waifai bai kai ɗakinsa ba, ya sayo 'yar TP-Link ko Tenda, ya soka kebul a ramin LAN, ya ɓoye ta ƙarƙashin tebur. Ita ma ta zo da nata DHCP a kunne. An yi sarki biyu a gari ɗaya ke nan. Duk wadda ta riga amsawa, adireshinta kwamfuta za ta karɓa, kuma na 'yar rautar ba ya kai kowa intanet. Shi ya sa yau Hajiya a ɗakin kuɗi ke kuka, gobe magatakarda. Alamar hakan a fili take: alal misali, kwamfutocin da ke aiki suna kan 192.168.1, marar lafiyar tana kan 192.168.0. A bi ɗaki-ɗaki a zare ta. In dole ana buƙatarta, a shiga saitinta a kashe DHCP tukuna.

Ku kuma 'yan'uwana masu gyara, ku ji tsoron Allah ku bar rubuta wa kowace kwamfuta adireshi da hannu don ku karɓi kuɗi ku wuce. Ranar da rauta ta ba wani wannan lambar, biyun za su yi karo. Firinta da ke son lamba tsayayya, a keɓe mata a cikin rautar, a rubuta a littafi.

Shugabannin ofisoshi ma da nasu laifin. Za a kashe maƙudan kuɗi a kujeru da labule, a bar rauta da suwic ba ko ƙaramin UPS, a ja kebul mafi araha ya zarce mita 100 da aka ƙayyade masa, ta saman kwano, cikin rana da ruwa.