Kafin Ki Sa Farar Riga, 'Yata

 Babanki ya leƙo ni jiya bayan la'asar, ya ce sakamakonki ya fito, kuma har yanzu kina nan kan bakanki, nas kike son zama. Na ji daɗi ƙwarai. Tun kina 'yar mitsitsiya, in na dawo daga aikin dare, ke ce mai rugowa ki karɓi jakata, ki ɗora hulata a kanki kina zagaya tsakar gida. Ashe abin yana ranki tun lokacin.

Ya kuma gaya mini Kemistiri ya ƙi, ba ki samu kiredit ba. Wai wani ya kawo muku takardar wata makaranta a birni. Wata goma sha takwas an gama, kuɗin ba yawa, ba ruwansu da kiredit, har da farar riga a ranar farko. A kan wannan nake so mu yi magana. Ba faɗa zan yi ba. Na san zumuɗi ne na ƙuruciya, kuma wanda ya kawo takardar ma wataƙila alheri yake nufi.

Aikin nan namu yana da mai shi. Akwai Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, hedikwatarta tana Abuja. Mu a asibiti Kansil kawai muke ce mata. Ba jiya aka fara ba. Tun 1930 aka yi dokar ungozoma, a 1947 aka kafa majalisar masu jinya, sannan a 1979 aka haɗe su wuri ɗaya. Ita ke zuwa ta duba makaranta, ta ga malamai da ɗakin gwaji da asibitin da ɗalibai za su koyi aiki, ta yanka musu adadin da za su ɗauka. In an ɗauke ki, makaranta za ta aika sunanki, Kansil ta ba ki lambarki ta ɗaliba. Da wannan lambar za ki zauna jarrabawar ƙarshe. In kin ci, a sa ki a rajista, a ba ki lasisi.

To kin ga inda gizo ke saƙar. Makarantar da Kansil ba ta san da ita ba, ba ta da inda za ta kai sunanki. Ba lamba, ba jarrabawa, ba lasisi. Sai dai takarda mai ado da hatimi, wadda ba ta wuce ƙofar makarantar.

A shekarar 2022 gwamnatin Kano ta rufe makarantun koyon aikin lafiya masu zaman kansu guda 26 saboda ba su da izini. Ki tsaya ki yi tunanin yaran da ke ciki. Kowace da iyayenta, kowace da abin da aka sayar aka biya mata. Na san wata yarinya daga wani ƙauye ta wajen Rogo, mahaifiyarta ta sayar da tumakinta huɗu, uban ya haɗa da kuɗin rakensa na shekara. Ta yi shekara biyu a irin wannan wuri. Ranar da ta zo neman aiki, ina zaune aka ce ta kawo lasisi. Ta zaro takardarta daga cikin leda, ta miƙa da hannu biyu. Aka juya, aka sake juyawa, aka mayar mata. Har yau ina ganin yadda ta ninke ta a hankali, ta sa a hijabi, ta fita ba ta ce komai ba. Yarinya mai hankali, mai tausayi. Da ta faɗa hannu nagari da yanzu babbar Sista ce. Araha ba ta ado, 'yata.

Asarar kuɗi ma da sauƙi, Allah na mayarwa. Abin da ke hana ni barci shi ne abin da hannun da bai koya ba yake yi wa jikin mutane.

Kowa yana ganin allura abu ne mai sauƙi. A zuƙa, a soka, a danna. Amma akwai wata babbar jijiya da ta bi ta ɗuwawu ta gangara ƙafa. Shi ya sa ake koya mana raba wurin gida huɗu, a soka a gefen sama na waje. In aka kuskure, yaro ya shigo da ƙafarsa, ya koma yana jan ta. Na ga irin haka ba sau ɗaya ba, kuma wadda ta yi allurar ba mugunta ta nufa ba. Taimako ta zo yi. Haka allurar naƙuda. In an yi ta a lokacinta, bayan haihuwa, tana tsayar da jini, ta ceci uwa. In aka danna wa mace ita ba lissafi alhali ɗa bai daidaita ba, mahaifa na iya fashewa. Mai ciki da ke jijjiga kuma, maganin da ake ba ta sai ana ƙirga numfashinta, ana auna fitsarinta, ana ɗan buga gwiwarta a ga ko tana amsawa. Wannan ba a koyonsa da kallo a bayan kantar kemis. Shekarun nan da kike gani kamar sun yi yawa, wannan ake zuba miki a cikinsu. Lasisi kuwa shaida ce cewa wasu da suka sani sun gwada ki, sun yarda a miƙa miki ran mutum.

Saboda haka ki koma ki sake Kemistirin nan. Ba abin kunya ba ne. Kiredit biyar ake nema: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma an yarda a haɗa zama biyu. Huɗu suna hannunki. Shekara ɗaya ce. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

In kin cike, ƙofofi na nan. Jihar Kano na da makarantar jinya a cikin birni da ta Madobi, da ta ungozoma a Ɗambatta. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da tasa. In digiri kike so, Jami'ar Bayero na yi, haka Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, shekara biyar. Yanzu yawancin makarantun ta JAMB ake shiga, sai ki sa ido kan lokacin yankar fom. Akwai kuma karatun ungozomar karkara na shekara biyu, wanda aka tsara don 'yan mata irinku su koya su koma garuruwansu, shi ma Kansil ke ba da lasisinsa. Ko makarantar koyon aikin lafiya ta Bebeji kika je kika fito jami'ar lafiyar al'umma, aiki ne mai daraja, da hukumarsa daban da rajistarsa. Sai dai ki san sunan abin da kika karanta, ki tsaya a iyakarsa. Abin da ake kira ozilari kuwa, wato mai taimaka wa nas, Kansil ba ta ba shi lasisi, ko wa ya gaya miki akasin haka.

Duk makarantar da za ki shiga, ta gwamnati ko ta kuɗi, kafin babanki ya fitar da ko kwabo a duba sunanta a jerin da Kansil ke fitarwa a intanet. In an yi kokwanto, a je Ma'aikatar Lafiya a Kano, sashen aikin jinya, a tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Akwai makarantun kuɗi na ƙwarai masu izini, ban ce duka ba ne.

Kuma lasisin nan ba a karɓarsa a jefa a adaka. Duk shekara uku ake sabunta shi, sai kin halarci bita kin ƙaro sani. Da ina ƙorafin kuɗin mota da barin yara. Daga baya na gane amfaninsa, don abubuwa da dama da aka koya mana muna 'yan mata an sauya su.

Na san ƙawayenki na zancen Ingila da Saudiyya. A farkon 2024 magatakardan Kansil na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce masu jinya sama da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Ban ga laifinsu ba, kowa da nauyin da ke kansa. Amma su ma can sai sun aiko an tantance rajistarki kafin su karɓe ki. Ni dai fatana, in Allah Ya sa kin gama, ki fara ba mutanen garinmu Ƙaraye 'yan shekaru. Matar da aka ɗauko a babur daga ƙauyukan bakin dam ɗin Challawa cikin dare, in ta buɗe ido ta ga 'yar gida a kanta, mai jin maganarta, mai sanin kunyarta, rabin tsoronta ya tafi.

Ranar Asabar ki zo mini da sakamakon da takardar makarantar nan, mu duba tare. Akwai littattafaina a ƙasan gado, na Kemistiri ma yana ciki, sai dai ki kaɗe ƙura. Ki gaida mini da Innarki, ki ce mata kada ta sayar da akuyarta don kuɗin makaranta tukuna.