Yadda Ake Tantance Darajar Daimon

Daimon, wanda wasu ke kira lu'ulu'u, ya fi kowane dutse na halitta tauri. Mutane da yawa suna zaton girmansa kaɗai ke sa shi tsada, har su yi asarar dukiya wajen sayen zobe ko sarƙa. Masana kuwa abubuwa huɗu suke dubawa, bisa tsarin da Cibiyar Nazarin Duwatsu Masu Daraja ta Amurka, watau GIA, ta fito da shi a 1953.

Na ɗaya, nauyi. Da karat ake auna daimon, karat biyar ne ke yin giram ɗaya. Wannan dabam yake da karat na zinariya, wanda ke nuna yawan tsantsarta. Da yake babban dutse yana da wuyar samu, guda ɗaya mai karat ɗaya ya fi guda biyu masu rabin karat tsada, in ingancinsu ɗaya ne.

Na biyu, launi. Ana jera shi daga harafin D zuwa Z. Mai D garau yake kamar ruwa, shi ne mafi tsada. Gwargwadon kusantar Z, gwargwadon yadda rawaya ke bayyana, daraja tana raguwa. Amma shuɗi da ja ba su cikin wannan jeri, ƙarancinsu ya sa kuɗinsu ya wuce misali.

Na uku, tsabta. Ana duba dutsen da madubin da ke ƙara girma sau goma, a nemi tabo ko tsaga a cikinsa da bayansa.

Na huɗu, yanka. Wannan kaɗai ne aikin hannun ɗan Adam. Daimon mai kewaye yakan sami fuskoki 57 ko 58. Idan an yanka shi da zurfi ainun, ko an baje shi, haske sai ya zurare ta ƙasa, dutsen ya dushe kome girmansa.

Gargaɗi

A yau ana ƙera daimon a masana'anta. Ido ba ya bambanta shi da na ƙasa, amma kuɗinsa bai kama ƙafar na ƙasa ba. Akwai kuma na jabu, irin su gilashi. Saboda haka wajibi ne mai saye ya nemi takardar shaida da ta bayyana waɗannan abubuwa huɗu da asalin dutsen, ya karɓi rasit. In ɗan kasuwa ya ƙi bayarwa, mai saye ya riƙe kuɗinsa.