SAƁAR MACIJI DA BUKATARSA GA RUWA

A garin Gombe, daga Kagarawal har Jekadafari, jama'a sun saba ganin gardawa da macizansu. Ga bayani domin mai ajiye maciji da maƙwabtansa.

Yadda Saɓa Take

Maciji yakan sake fata sau da yawa a shekara, ƙarami kuwa ya fi babba yawan yi. In lokaci ya gabato, wani ruwa yakan taru tsakanin tsohuwar fata da sabuwa. Sai idonsa ya yi hazo, gama maciji ba shi da fatar ido, sai wani ɓawo garai-garai da ke rufe idon, wanda shi ma yakan fita tare da saɓa. Cikin mako ɗaya ko biyu lafiyayyen maciji yakan tuɓe ta gaba ɗaya, daga baki zuwa wutsiya.

Inda Matsala Take

Da hunturu iska takan bushe ƙwarai. Macijin da ke kulle cikin akwati ko ƙwarya babu ruwa, fatarsa takan yamutse, saɓar ta riƙa fita gutsi-gutsi. Ragowar da ta maƙale a wutsiya tana iya tsare jini har wurin ya mutu. Wadda ta maƙale a ido kuwa tana dushe gani.

Abin Da Za A Yi

1. A ajiye kasko na ruwa mai tsabta, wanda zai iya kwanciya ciki, a riƙa sakewa kullum.
2. A sa jiƙaƙƙen tsumma a kusurwa guda, da dutse mai kaushi don ya goga jiki.
3. Kada a ɓare saɓa da hannu. In ta ƙi fita, a nemi likitan dabbobi.

Gargaɗi

Macijin da idonsa ya yi hazo ba ya gani sosai, saboda haka ya fi saurin sara. Cire masa haƙori ba kariya ba ne, domin wani yakan tsiro. Kububuwa, da kasa, da gamsheƙa duk suna kisa. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci.

In an sari mutum, kada a tsaga wurin, ko a tsotsa, ko a ɗaure tamau. A hana shi motsi, a gaggauta kai shi asibiti. A Kaltungo, kudancin Jihar Gombe, akwai asibiti na musamman domin saran maciji. Jinkiri shi ne babban abokin dafi.