Darasi: Abin da Yaranmu Ke Koya a Aji Huɗu Zuwa Shida

Karatu: Karin Magana 22:6

'Yan'uwa, da damina ta kankama mukan janye manyan yara daga makaranta domin noma. Bari mu duba abin da suke rasawa.

A makarantar ekklesiya ana koya musu:

1. Littafi Mai Tsarki, da haddar ayoyi.
2. Lissafi: ninkawa, rabawa da awo. Yaron da ya iya zai gaya mana buhu 6 na taki, kowanne kilo 50, kilo 300 ke nan. In manoma huɗu suka raba, kowa kilo 75.
3. Turanci da rubutun wasiƙa. Gargaɗin da ke jikin kwalbar maganin ƙwari yawanci da Turanci yake.
4. Tarihi, labarin ƙasa da kimiyya.

Darasin yau a kan na jiya ake ɗora shi. Yarinyar da ta yi fashin mako uku, lissafin gaba zai gagare ta. To, gobe wa zai riƙe mana littafin kuɗin ƙungiya?

Domin tattaunawa: Yaya za mu shirya gayya tsakaninmu, yara su zauna a aji?