Yadda ake zaɓen gashin tsuntsu don ɗaura ƙwaron fatsa

Mai fatsa a bakin Kogin Yobe a Gashuwa, ko a gefen tafkin Nguru, ya saba da soka tana ko fara a ƙugiya ya jefa ya zauna jira. Akwai wata dabara da ba ta yaɗu a ƙasarmu ba: a ɗaure gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ya yi kama da ƙwaro, kifi ya gani ya kawo cafka. Dabarar tsohuwa ce. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya ba da labarin masuntan Makidoniya da ke naɗe ƙugiya da jan ulu su ɗaura mata gashi biyu na wuyan zakara. Abin lura a labarin shi ne kayan aikinsu duk na cikin gida ne. Wannan ita ce hujjata: ɗan koyo a Jajimaji ko wani ƙauyen Karasuwa ba ya buƙatar komai daga waje, muddin ya san cewa ana zaɓen gashi ne saboda aikin da zai yi a cikin ruwa, kyan launinsa kuwa daga baya yake.

Matakin farko a bakin ruwa ake yinsa, hannu babu komai. A duba abin da kifi ke ci a wannan lokacin. Idan ruwan farko ya sauka shinge ya tashi, za a ga kawara na fantsama a saman ruwa tana tsintar waɗanda suka faɗa. Wani lokacin kuma ƙananan kifaye ne ake kora a gefen kachalla. Abin da ido ya gani shi zai faɗi girman ƙugiya, da launin da za a nema, da ko ƙwaron zai yi iyo a sama ne ko zai nutse.

Daga nan sai neman gashi, kuma wurin masu fige kaji a kasuwa ya wadatar. A roƙe su su cire shi a bushe kafin a tsoma kazar a ruwan zafi. Gashin wuyan zakara shi ne na gaba: dogo, siriri, mai sheƙi. A kama shi a tanƙwara tsinken tsakiyarsa a kan yatsa. Idan sililinsa suka miƙe tsaye ɗai-ɗai kamar haƙoran mataji, ba su manne da juna ba, wannan zai tallafi ƙugiya a saman ruwa. Idan tsinken ya karye ko ya tsage, ba zai naɗu ba, a ajiye shi. Gashin kaza mace laushi gare shi, yana shan ruwa ya nutse, kuma laushin nan ne amfaninsa, domin a ƙarƙashin ruwa yana motsi kamar ƙafafun ƙwaro mai rai. Gashin zabo, mai ɗigo-ɗigon fari a kan baƙi, yana ba da kamannin ƙafa da fiffike, har masu wannan sana'a a Turai da Amurka saye suke yi da kuɗinsu. A gindin jelar agwagwa kuma, kusa da inda take ɗebo man da take shafe jikinta, akwai wasu ƙananan gasu masu taushi da ke riƙe iska su hana ƙugiya nutsewa. Ga mai son kwaikwayon ƙaramin kifi, gashin wutsiyar farar saniya ko dogon gashin akuya ya fi, saboda ba ya lanƙwamewa idan aka ja shi.

Sai gyara. A wanke gashin da sabulu da ruwa mai ɗumi, a ɗauraye, a shanya a inuwa a kan takarda, sannan a ware kowane iri da girmansa. A adana a robar da ke rufuwa tsaf, tare da busasshen ganyen maina don korar asu. Wanda ke son launi yana da lalle don ja mai duhu, gangamau don rawaya, baba don shuɗi. Kada a tsinci gashin mataccen tsuntsun da ba a san abin da ya kashe shi ba: tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a 2006, wannan ya zama ka'ida.

Ɗaurin kansa ba shi da tsawo. A maƙale ƙugiya a bakin filaya ko a tsagar itace. A naɗa zaren tela mai ƙarfi daga idon ƙugiya zuwa inda ta fara lanƙwasa. A nan za a ɗaura silili biyar ko shida su zama jela. A naɗa ulu a dawo gaba don yin jiki, a bar ɗan fili kusa da ido. A ɗaure gindin gashin zakara, a kewaya da shi sau uku ko huɗu har ya buɗe kamar lema, a danne bakinsa da zare a yanke saura. Tsawon sililin kada ya wuce faɗin bakin ƙugiya sau ɗaya da rabi, in ba haka ba zai tare tsinin. A ƙulle zaren sau uku, a sa ɗigon gam, a jefa a kwanon ruwa a ga yadda ya zauna. Kuskuren ɗan koyo kullum shi ne cika kaya, alhali ƙwaro na gaskiya siriri ne.

Wani zai ce kifin fadamarmu da ƙanshi yake farauta, ruwan ma yakan yi dauɗa. Akwai gaskiya a nan. Tarwaɗa da kurungu da gashin bakinsu suke lalube a ƙasa, tana ta fi musu. Amma kawara da tsage da ido suke kamu, karfasa ma takan ɗauki ƙwaro, kuma bayan damina ruwa yana kwantawa ya yi garau. A ruwa mai dauɗa, baƙin gashi ya fi fitowa. Ga tsage sai an sa guntun siririn waya gaban ƙugiya saboda haƙoransa. Wani kuma zai ce aikin na masu sandar Turawa mai tsada ne. A tsaunukan Japan an daɗe ana wannan fatsa da doguwar sandar gora da zare kawai. Ƙwaron gashi ba zai maye gurbin kalli ko mamari wajen ciyar da gida ba, amma guda ɗaya yana kama kifi da yawa, ba ya ruɓewa, ba a tonon ƙasa a neme shi da rani.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne tsoron kada sana'ar ta juya kan tsuntsayen daji. Tsoron yana da tushe. A 2009 wani matashi ya fasa gidan tarihin halittu na Tring a Ingila ya sace fatun tsuntsaye 299 don sayar wa masu ɗaura irin wannan ƙwaro. Mu kuwa maƙwabtan Dagona ne, inda tsuntsayen Turai ke sauka lokacin hunturu, kuma tafkin Nguru shi ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu, a shekara ta 2000. Amsar tana cikin gwajin kan yatsa da gwajin kwano: abin da kifi ke gani shi ne girma da motsi da inuwa, kuma zakara da zabo da agwagwa sun ba da su duka. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda ya koyi zaɓe daga gashin da ake sharewa a kasuwa ba shi da dalilin ɗana wa baƙon tsuntsu tarko.