Yadda Ake Shawo Kan Tsayawar Sikeli da Dawowar Yunwa Bayan Tiyatar Rage Tumbi

Tiyatar rage tumbi ba aiki ba ne da ake yi a kowane asibiti. Wanda ya yi ta daga Minna, galibi Abuja ko Legas ya nufa, wani ma sai da ya tsallaka Masar, Indiya ko Turkiyya. Ana sallamarsa ya dawo gida Barkin Sale da takardunsa a jaka, likitan da ya yi aikin kuwa yana can nesa. Watannin farko komai lafiya lau: kilo na zubewa, kaya na yin yawa a jiki, gwiwa ta daina ciwo, abinci ko marmarinsa ba a yi. Sai wata rana sikeli ya kafe. Mako biyu, mako huɗu, lamba ɗaya. Ana cikin haka kuma yunwar da aka manta da ita ta dawo tana ƙwaƙular ciki da la'asar. A nan ne hankali ke tashi, mutum ya fara cewa kuɗinsa sun tafi a banza, cikin ya koma yadda yake.

A mafi yawan lokuta bai koma ba. A tiyatar da likitoci ke kira silib, ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi, har da sashensa na sama, inda aka fi samar da girelin, sinadarin da ke sa mutum jin yunwa. Shi ya sa yunwa ke ɓacewa da farko. Amma jiki ba ya zama haka nan. Kumburin aiki na sauka, abin da ya rage na tumbi na yin laushi, kuma ga mutane da yawa yunwa na lallaɓowa tsakanin wata shida zuwa shekara ɗaya. Ƙari a kan haka, jikin da ya ragu da kilo 30 ba ya ƙona abincin da yake ƙonawa a da. Akwai tsayawar da ke zuwa tun wajen mako na uku bayan aiki, wadda ruwan jiki ne kawai ke daidaita kansa, kuma tana wucewa. Ramar gaba ɗaya kan kai ƙarshenta ne tsakanin wata 12 zuwa 24. Ga matakan da za a bi, kuma yana da kyau a bi su a jere.

Mataki na farko: tabbatar da cewa tsayawar ta gaskiya ce

Daina hawa sikeli kullum. Zaɓi rana ɗaya a mako, da safe, bayan ka zaga bayi, kafin ka ci komai, da kaya marasa nauyi. Aza sikelin a kan siminti ko tayil, kada a kan kafet, kuma sikeli ɗaya za ka riƙe. Na kemis da na gida ba sa faɗin magana ɗaya. Sannan ka sayi tef irin na tela, ka riƙa auna ƙugu daidai cibiya, da cinya, da damtse, duk mako biyu. Sau da yawa kilo na tsaye amma ƙugu na raguwa. Gishiri da dunƙule masu yawa a miya, taurin bayan gida, da kwanakin al'ada ga mata, duk suna riƙe ruwa ko nauyi na ɗan lokaci. Idan wata guda cur ya wuce, kilo da tef duka ba su motsa ba, to ka shiga mataki na gaba.

Mataki na biyu: rubuta duk abin da ya shiga bakinka na mako ɗaya

Komai na ce, har da kurɓi. Samu ƙaramin littafi ko ka yi amfani da wayarka: lokaci, abin da aka ci ko aka sha, da yawansa. Kada ka gyara cin naka a makon nan, so ake a ga gaskiyarsa.

A nan ne yawancin matsalar ke ɓoye, domin tiyatar tana tare abinci mai ƙarfi ne, ba ta tare mai ruwa. Ka ɗauki sabon tumbinka kamar mazurari: nama da kifi suna tsayawa a cikinsa, kunu kuwa zurarewa yake yi. Mutumin da ba zai iya cinye cinyar kaza ɗaya ba, zai iya shanye kofin kunun gyaɗa biyu mai sukari bai ji komai ba. Haka fura da nono da aka dama da sukari, da kunun zaƙi, da zoɓo, da kunun aya, da lemon malt, da shayin mai shayi mai kaurin madarar gwangwani. Kwalbar lemo mai rabin lita na iya ɗaukar sukari kusan giram 50, wato ƙananan cokula 12 ke nan. Babu abin da wuƙar likita za ta yi wa wannan.

Sai abin da ya fi shafar mu a Minna, ƙasar doya. Sakwara da miyar kuɓewa, tuwon shinkafa da miyar kuka, amala da ayoyo: abinci ne da aka saba haɗiyewa ba tauna, kuma yauƙin miyar na taimaka masa ya wuce salin-alin. Loma biyar, shida, bakwai sun shige, ciki bai yi gardama ba, bayan awa ɗaya da rabi yunwa ta dawo. Ga kuma ƙananan abubuwan da ba a lissafa su a cikin abinci: cincin da dubulan da aka kawo daga gidan biki, biskit na yara, soyayyar gyaɗa, ƙuli-ƙulin Bida da ake ɗauka ɗaya-ɗaya ana kallon waya. Gyaɗa abinci ce mai kyau, amma giram 100 nata ya haura kalori 550. Wanda ke tsakurar irin waɗannan daga hantsi zuwa dare zai iya cin abin da ya fi na mai lafiyayyen tumbi, alhali bai taɓa zama ya ci ya ƙoshi ba. Tsakure-tsakure shi ne babban abin da ke rusa wannan tiyata, kuma littafin nan ne kaɗai zai nuna maka shi ƙiri-ƙiri.

Mataki na uku: sake tsarin kwano

Abinci uku a rana, da ƙaramin abu ɗaya ko biyu da aka tsara lokacinsu. A kowane zama ka fara da abin gina jiki, sai ganye, sai tuwo ko shinkafa ko doya a ƙarshe, in akwai sauran wuri. Abin da likitocin wannan fanni ke nema shi ne furotin giram 60 zuwa 80 a rana, sai dai mai ciwon ƙoda, wanda likitansa ne zai yanke masa nasa adadi.

A aikace: ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Gasasshen kifi mai girman tafin hannu ya kai 20 ko ya ɗan ɗara. Ƙirjin kaza giram 100 na da kusan 30. Kofin dafaffen wake 13 zuwa 15, kofin kindirmo kusan 8. Ke nan ƙwai biyu da safe, kifi da kwaɗon zogale da rana, kindirmo marar sukari da la'asar, farfesun kaza ko alala da dare, sun kai ka inda ake so. Awara ma tana da amfani, amma ka roƙi mai yin ta ta ba ka wadda ba a soya ba, a sa maka a miya. Busasshen nama irin kilishi kan tsaya wa wasu a ƙirji. Mai laushi da romo ya fi sauƙi. A kuma auna mai da cokali, a daina tuttulawa daga galan: babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan kalori 120 ne.

Ka ci a hankali, minti 20 zuwa 30, kana tauna kowace loma har ta narke. Da ka ji alamar cika, ka tsame hannu. In rabin awa ta wuce, a ɗauke kwanon ko da saura. Kada ka sha ruwa kana ci, kuma ka jira minti 30 bayan ka gama, domin ruwan na kora abincin gaba ya bar ka da yunwa da wuri.

Cin tire ɗaya da iyali abu ne mai daɗi da albarka, amma ba za ka taɓa sanin yawan abin da ka ci a cikinsa ba. Zauna tare da su, a zuba maka naka a ƙaramin faranti. A gidan suna ko biki kuwa, in Hajiya ta matsa, "Haba, ɗan wannan za ka ci? Ƙara mana," ba sai ka ba da labarin tiyata ba. "Na gode Hajiya, likita ne ya ƙayyade mini, a ƙulla mini in tafi wa yara da shi" ta wadatar, kuma ba wanda zai ji an raina masa girki.

Mataki na huɗu: gane wace irin yunwa ce

Ba duk ƙugin ciki ba ne yunwa. A zafin Maris da Afrilu na Minna, ƙishirwa ce ta fi yawan zuwa da kamar yunwa, domin mai ƙaramin tumbi ba ya iya kwankwaɗar ruwa. Ana son lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, kurɓi-kurɓi, gora a hannu duk inda ka shiga. In fitsari ya yi duhu, ruwan bai isa ba.

Ƙwannafi ma na yaudara. Bayan silib ruwan tsamin ciki kan yi wa wasu yawa, ya riƙa ƙwaƙula, a ci abu ya lafa, a ɗauka yunwa ce. Likita na iya rubuta magani irin omeprazole, sai ka ga "yunwar" ta tafi. Akwai kuma wadda ke zuwa awa ɗaya zuwa uku bayan cin zaƙi, da rawar jiki, zufa da jiri: sukarin jini ne ya hau ya faɗo, an fi ganin haka ga waɗanda aka yi wa wata irin tiyatar rage tumbi da ake kira baifas, kuma dole likita ya sani.

Sauran kwaɗayi ne, na gajiya, ɓacin rai ko zaman kaɗaici. Gwajinsa mai sauƙi ne: sha ruwa, jira minti 15, ka tambayi kanka ko za ka iya cin dafaffen ƙwai yanzu. In amsar e ce, ka ci. In kuwa sai dai cincin, ba ciki ne ke kira ba. Ba abin kunya ba ne mutum ya ga cewa damuwa ce ke tura shi ga abinci. Tiyata tumbi ta taɓa, ba ta taɓa zuciya ba, kuma ganin likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara na cikin magani. Barci ma a kula da shi, awa bakwai ko fiye, don ƙarancinsa na ƙara girelin.

Mataki na biyar: motsa tsoka

Rama mai sauri na tafiya da tsoka, tsoka kuwa ita ke ƙona abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da aikin ƙarfi sau biyu. Tafiyar sauri ta rabin awa bayan sallar asuba, kafin rana da 'yan acaɓa su cika hanya, ta isa farawa. Uwargida da ba ta fita, tsakar gida ma fili ne: tashi da zama daga kujera sau goma sha biyu, tura bango da hannu, ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu. In likita ya sake ka ka ɗauki nauyi, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Mataki na shida: koma wurin likita da takardunka

In ka yi wata ɗaya ko biyu kana bin waɗannan babu canji, ko kilo ya fara hawa, kada ka zauna kana zargin kanka. Tuntuɓi wanda ya yi maka aikin, ko ta waya ce. A nan gida kuma ka nemi likita ɗaya da zai riƙe fayil ɗinka, a Babban Asibitin Minna, ko Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, ka kai masa takardar da ta bayyana irin aikin da aka yi. A duba yawan jini, sinadarin ƙarfe, bitamin B12 da D, kalsiyam, sukari, da aikin ƙululun maƙogwaro. Ana yin irin wannan gwaji a wata na 3, na 6, na 12, daga nan duk shekara har ƙarshen rayuwa. Bitamin ɗin da aka rubuta maka ma haka, ba a daina su don an ji sauƙi. Ka raba ƙwayar ƙarfe da ta kalsiyam da awa biyu, kada kuma ka sha ta ƙarfe da shayi.

Zuba wa likita duk magungunan da kake sha a kan tebur. Prednisolone, dexamethasone, insulin, wasu magungunan damuwa da allurar tazarar haihuwa ta wata uku suna iya ƙara nauyi, amma kada ka daina ko ɗaya da kanka. Ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis don ciwon jiki kuwa suna iya jawo gyambon ciki bayan wannan aiki, a guje su sai da izinin likita.

Idan ana zargin tumbin ya buɗe da gaske, hoto ko na'urar leƙa ciki ce za ta nuna, ba zato ba. Daga nan akwai hanyoyi: allurai irin semaglutide da liraglutide masu rage yunwa, ko a wasu lokuta sake tiyata. Allurar nan ta hannun likita kawai za a karɓa. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic, wato allurar semaglutide, da aka kama a Burazil, Birtaniya da Amurka, don haka wadda ake tallatawa a WhatsApp ba abin amincewa ba ce. Shayin rage tumbi kuwa yawancinsa maganin gudawa ne, ruwa yake zubarwa ba kitse ba, kuma haɗari ne ga mai ƙaramin ciki. Komawa shan ruwa-ruwa na kwana biyar don "a tsuke ciki" shi ma ba ya mayar da tumbi ƙarami.

Batun azumi, a tambayi likita tun kafin watan ya kama, musamman a shekarar farko, kuma kada a mayar da yinin yunwa dabarar karya tsayawar sikeli. Ke kuma 'yar'uwa, ana son a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aiki. In kilo ya tsaya kuma al'ada ta yi jinkiri, ki fara da gwajin ciki, domin haihuwa kan buɗe bayan an rame.

Akwai alamun da ba a jira da su zuwa gobe: amai da ya ƙi tsayawa, ciwon ciki mai tsanani, baƙin bayan gida ko aman jini, kasa haɗiye ko da ruwa, mutuwar ƙafa ko tafin hannu, ruɗewa ko gani biyu-biyu. Yawan amai na iya ƙarar da bitamin B1 cikin 'yan makonni ya taɓa ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya nufi sashen gaggawa nan take, ya faɗa wa ma'aikatan tun daga ƙofa cewa an yi masa tiyatar rage tumbi, da irinta, da watan da aka yi.