Amsoshin Tambayoyinku: Apple da Harajin Ireland

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: ta yaya babban kamfani zai ci ƙazamar riba amma ya biya haraji ɗan kaɗan, kuma ba a kama shi ba?

To Malam, dabarar ita ce kamfani ya rubuta ribarsa a ƙasar da harajinta yake da sauƙi, ko da ba can ya sayar da kayan ba. Haka kamfanin Apple ya riƙa yi da cinikinsa na Turai, yana rubuta shi a Ireland. A 2016 Hukumar Tarayyar Turai ta ce harajin da wani reshensa ya biya a 2014 kashi 0.005 ne kacal cikin ɗari, ta kuma umarci Ireland ta karɓo Yuro biliyan 13 daga kamfanin. Abin dariya, Ireland ɗin ce ta garzaya kotu don kada ta karɓi kuɗin! Apple ya dage cewa bai karya doka ba. A ganina wannan hujja ba ta wanke kamfanin da injiniyoyinsa suka yi karatu da kuɗin talakawa masu biyan haraji ba.

A Satumban 2024 babbar kotun Tarayyar ta tabbatar da umarnin.